Safari da Tsarabarsa

Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure, ya bi littattafan fiƙihu na farko har ya kai babin sallar matafiyi, ya riga ya gamu da kalmar safar tun bai san faɗin duniya ba, kuma ya gamu da ita ne tana da iyaka da ma'auni, domin malaman Malikiyya sun ƙaddara ta da buridi huɗu, watau mil 48, suka ce wanda ya ɗaura niyyar wannan nisa, muddin tafiyar ba ta saɓon Allah ba ce, sai ya yi ƙasaru, ya mai da salla mai raka'a huɗu ta koma biyu, in kuwa watan azumi ne an yarje masa ya sha ya rama, har ranar da ya komo gida ko ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wani gari. Shari'a ba ta yin rangwame sai inda akwai mashaƙƙa. Ashe ke nan ma'anar farko da wannan kalma ta shigo da ita kunnuwanmu ita ce wahala: ƙura da ƙishirwa, fargabar 'yan fashi, da kwana a garin da ba wanda ya san sunan uban mutum.

Malaman lugga sun tona ƙasa da haka. Suka ce haruffan nan uku, sin da fa da ra, galibi suna kewaye ma'ana ɗaya a Larabci, ita ce yaye rufi daga kan abin da yake rufe. Shi ya sa idan gari ya waye har mutum yana shaida fuskar na kusa da shi ake kiran lokacin isfari, kamar yadda ɗalibi ya sani a babin lokacin Asuba, babban littafi kuma a ce masa sifru domin yana bayyana abin da ke ɓoye, manzon da ke shiga tsakanin al'umma biyu don ya warware abin da ya shige musu duhu a ce masa safiru. Game da tafiya kuwa, dalilin da suka bayar shi ne tana yaye halayen mutane, har wanda aka zauna da shi shekara da shekaru ana zaton an san shi, sai an yi nisa da gida tare, ruwa ya ƙare a salka, sa'an nan a san ko shi wane ne. Watan Safar da ke bin Muharram ba ya cikin wannan dangi, da sadi ake rubuta shi, kada kamar lafazi ta ruɗi mai karatu.

Da kalmar ta iso ƙasar Hausa sai ta zama safara, ta sauka gidan fatake. Mai safara shi ne wanda ya ɗauki kaya daga inda suke da araha ya kai su inda suke da daraja, ya komo da waɗansu. Kanwa da turkuɗi da jar fata su yi kudu, goron Gwanja ya taso daga kasuwar Salaga ya yi arewa bisa jakuna da kawunan 'yan alaro, madugu yana riƙe da amanar ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, wata da watanni kafin a sake ganin ganuwar Kano. Ba a ɓoye cewa a cikin kayan ayarin da har da bayi, wannan kuwa tabo ne da ba mai wanke shi, amma duk da haka sana'ar kanta ta ci da garuruwa, ta haɗa dangi daga Borno har Asante. Abin baƙin ciki ne a yau in ka ji safara a bakin mai karanta labarai, abin da zai biyo baya makamai ne, ko miyagun ƙwayoyi, ko 'yan mata da aka yaudara aka ƙetarar da su hamada.

A gaɓar gabashin Afirka, inda jiragen Larabawan Oman da Yaman suke sauka da iskar teku tun ƙarnoni masu nisa, kalmar ta shiga harshen Suwahili ta zama safari, ta kuma yi rassa: kusafiri yin tafiya, msafiri matafiyi, msafara ayari. Har gobe in mutumin Tanzaniya zai hau mota ya je ƙauye gaida mahaifiyarsa, safari zai yi, a ce masa safari njema, daidai da yadda muke cewa a sauka lafiya. A ƙarni na 19 babban safari shi ne wanda ke tashi daga Bagamoyo, daura da tsibirin Zanzibar, ya ratsa Tabora ya kai Ujiji a bakin tafkin Tanganyika, nisan kamar kilomita 1,200, dukansa da ƙafa, domin ƙudan tsando ba ya barin dabbar kaya ta rayu a wannan hanya, sai kan ɗan Adam ya ɗauki abin da jaki da raƙumi ke ɗauka a wajenmu. 'Yan alaron nan, galibinsu 'yan ƙabilar Nyamwezi, suna shiga da yadi da tsakiya da wayar tagulla, su fito da hauren giwa, a bayansu kuma bayi. Mai ja musu gaba sunansa kiongozi, kuɗin da ake biyan sarakunan hanya kafin a wuce kuwa hongo. Bahaushen da ya ji wannan bayani ba ya bukatar sharhi, safararmu ce a wata ƙasa. Wannan hanya ce Turawan nan biyu, Burton da Speke, suka bi a 1857 har suka ga tafkin Tanganyika a 1858, kuma ta rubuce-rubucen Burton kalmar ta shiga Turanci.

Daga nan ne ma'anarta ta fara ƙuntata. Turawan Ingila suka ja layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya tsakanin 1896 da 1901, suka kafa Nairobi a 1899 a matsayin zangon ma'aikatan jirgi, a wata fadama da 'yan ƙabilar Masai ke kira ruwa mai sanyi. Dajin da a da sai mai haƙurin watanni ke kaiwa gare shi ya zama na duk mai kuɗin tikiti da bindiga. A 1909 Theodore Roosevelt, bayan ya sauka daga shugabancin Amurka, ya zo da 'yan alaro fiye da 200, shi da ɗansa suka harbe manyan dabbobi sama da 500, labarin ya game jaridun duniya, har safari a kunnen Bature ya koma farautar masu hali. Laƙabin nan da ake yi wa zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, a ce musu manya biyar, daga bakin mafarautan nan ya fito, domin su ne mafi haɗari ga mai binsu a ƙasa. Kenya ta haramta irin wannan farauta a 1977, na'urar ɗaukar hoto ta gaji bindiga, safari ya zama zama cikin mota mai buɗaɗɗen rufi ana kallon zaki yana barci. Da wannan ma'ana kalmar ta komo gida Afirka, aka rubuta ta da fenti a jikin motocin garin Arusha na Tanzaniya. An sauke mata mashaƙƙa, an sauke mata kaya, sai ido kaɗai aka bar mata, kuma Hausa ta faɗi gaskiya da ta kira wannan abu yawon buɗe ido.

Ba raina kallo nake yi ba. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma wanda ya tsaya a bakin ramin Ngorongoro na Tanzaniya da hantsi, ya ga faɗin kilomita murabba'i 260 a ƙarƙashinsa, zurfin kamar mita 600, garken ɓauna sun zama ɗigo-ɗigo a cikin ciyawa, in zuciyarsa ba ta ambaci Mahalicci ba to akwai abin da ya same ta. Amma malamai sun bambanta kallo da i'itibari. Mai kallo yana ganin abin da aka nuna masa. Mai i'itibari yana tambayar yadda aka yi abin ya zo nan, da wanda aka kawar don a nuna masa shi. Abin da na gani shi ne hanyar ƙasa ta fi kusantar da mutum ga i'itibari fiye da ƙananan jiragen da ke ɗaukar baƙi su sauke su a filin Seronera, a tsakiyar Serengeti, su ga dabbobi su koma ba su ga ƙasa ba.

Ni kaɗai na bi hanyar mota daga Nairobi zuwa Arusha, nisan kamar kilomita 270. Da an fita daga hayaƙin masana'antun Athi River da cunkoson Kitengela sai ƙasa ta buɗe, farar ƙaya da jar ƙasa, Kajiado ta wuce, yara makiyaya da jan mayafi suna tsaye da sanda a bayan shanu da awaki, har mutum ya ga raƙumin dawa yana cin ganye can nesa da kwalta ba tare da ya biya kowa kuɗin shiga ba. A Namanga, kan iyakar Kenya da Tanzaniya, ake sauka a buga fasfo a nuna katin rigakafin shawara, sa'an nan a wuce dutsen Longido, in Allah ya sa gajimare ya yaye a hangi Kilimanjaro a gabas, mai tsawon mita 5,895, kafin dutsen Meru ya tare gaba, iska ta yi sanyi, ayaba da kofi su maye gurbin ƙaya. Malamanmu sun karhanta wa mutum tafiya shi kaɗai, Larabawa kuma suna cewa a nemi abokin tafiya kafin a nemi hanya, kuma wanda ya rasa mai tsare masa jaka sa'ad da zai yi alwala a tasha ya san hikimar wannan. Amma kaɗaici yana da wata fa'ida da ba a samu a cikin jama'a, ita ce yana tilasta wa mutum ya buɗe baki ga baƙo, da ya buɗe kuwa sai Bahaushe ya tarar da 'yan uwan kalmominsa suna jiransa a bakin mutanen da bai taɓa gani ba: habari ga labari, sabuni ga sabulu, hasara ga asara, rahisi ga rahusa, alfajiri ga alfijir. Malami ɗaya ya karantar da harsunan biyu, ɗaya ta teku, ɗaya ta hamada. In kuwa tafiya tana yaye halin mutum ga abokan tafiyarsa, to mai tafiya shi kaɗai ga kansa take yaye shi, ya ga iyakar haƙurinsa, ya ga ko zai tashi sallar Asuba a masaukin da ba mai tashinsa.

A Arusha kaɗaicin yakan ƙare ala tilas, domin kuɗin motar daji ya fi ƙarfin aljihu ɗaya, sai a haɗa baƙi daga ƙasashe dabam-dabam a mota guda su raba, direba ya zama madugunsu. Hanya ta yi yamma, ta bi Makuyuni, ta ratsa Mto wa Mbu, watau kogin sauro, ta hau gangaren da ke kallon tafkin Manyara, ta wuce gonakin Karatu, kwalta ta ƙare a ƙofar Ngorongoro, sauran kuwa gargada ce da ƙura har cikin Serengeti. A can ne nyumbu, wata dabba mai ƙirar gwanki da gemu, fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi, suke kewaya shekara suna bin ruwan sama tsakanin Tanzaniya da Kenya. An kafa wannan gandu a 1951, faɗinsa ya kusa kilomita murabba'i 15,000, ana kuma danganta sunansa da kalmar Masai mai nufin fili marar iyaka. To, in sunan nasu ne, ina masu shi? A 1959 gwamnatin mulkin mallaka ta tashe su daga Serengeti ta mai da su yankin Ngorongoro bisa alkawarin za su zauna can da dabbobinsu, kuma har a 2022 an yi arangama a Loliondo a kan shata wani yanki na makiyayarsu. Dajin nan da baƙo ke gani ba kowa cikinsa, yana zaton haka yake tun ranar halitta, da hannu aka share shi. Jikokin waɗanda aka tasa kuwa su ne tsaye a bakin hanya, a Namanga da Mto wa Mbu da ƙofofin gandu, da tsakiya a hannu suna miƙo ta ta tagar mota.

A nan ne nake so in daɗe, domin a kasuwa ake jarraba mai tafiya shi kaɗai, kuma kayan da ake tallata masa kowanne yana da safarar da ya yi kafin ya iso gabansa. Tsakiyar nan mai launi da matan Masai ke jerawa a waya su yi abin wuya mai faɗi da warwaro, ta gilashi ce, fataken ƙarni na 19 suka shigo da irinta, har yau kuma mafi yawanta daga ƙasar Cek ake kawo ta. Kafin zuwanta da 'ya'yan itace da ƙashi da ƙarfe ake ado. Jan mayafin nan mai gida-gida da suke kira shuka masaƙar zamani ce ke yinsa, kakanninsu fata suke ɗaurawa. Sassaƙar dabbobi ta itace da ta cika rumfuna, asalinta a hannun ƙabilar Kamba wani mutumin Wamunyu ne, Mutisya Munge, wanda Ingilishi suka ɗauka aikin dakon kayan soja a yaƙin duniya na farko, ya ga sassaƙar 'yan ƙabilar Zaramo a wajejen Darussalam, ya komo gida ya kama sana'ar, danginsa suka koya, har gari duka ya koya. Zanen nan mai ƙyalli na tsuntsaye da damisa da ake kira Tingatinga sunan mai shi ne ya bi shi, Edward Saidi Tingatinga, wanda ya fara a 1968 da fentin keke a kan allunan katako, harsashin 'yan sanda ya same shi bisa kuskure a 1972, almajiransa suka ci gaba. Akusan dutse masu santsi daga Tabaka suke fitowa, a ƙasar Kisii. Shuɗin dutsen tanzanayit kuwa a tuddan Mererani kusa da Arusha aka gano shi a 1967. Akwai baƙin da in suka ji wannan tarihi sai ransu ya ɓaci, su ce ashe ba kayan gargajiya ba ne na asali. Ni ban ga abin ɓacin rai ba. Gilashin na Cek ne, amma zaɓen launi da jerawa da sanin wanda ya dace da budurwa da wanda ya dace da matar aure na Masai ne, kuma wanda yake neman al'ummar da ba ta taɓa sayen kome a hannun fatake ba, yana neman abin da ba a taɓa yi ba a Afirka.

Ciniki a can bai bambanta da namu ba sai a lafazi. A ce maka karibu, ka ce bei gani, a yanka maka kuɗi mai nisa, ka ce ghali, ka roƙi a rage da punguza, har a kai ga bei ya mwisho, kuɗin ƙarshe, inda namu zai ce albarka ko ya ce na sallama. Manyan kantunan bakin hanya da motocin baƙi ke tsayawa galibi akwai la'adar direba a cikin farashinsu, wanda kuwa ya shiga kasuwa da ƙafarsa, a Arusha ko a kasuwar Masai ta Nairobi da ke tashi daga wuri zuwa wuri gwargwadon ranar mako, ya fi kusa da hannun da ya yi aikin. Taya ba laifi ba ne, mai sayarwa ma yana raina wanda bai taya ba. Abin da ke sosa mini rai shi ne a ga mutumin da ya biya dala gommai kowace rana kuɗin shiga gandu bai ce uffan ba, ya zo gaban tsohuwar da ta ƙare idonta wajen zura tsakiya a waya, ya dage a kan abin da bai kai kuɗin ruwan gorarsa ba, ya tafi yana murna ya yi nasara. Shari'a ta hana gabanu, watau cutar da wanda bai san farashi ba, ta kuma yabi mai sauƙin hali in ya saya da in ya sayar. Mai hannu da shuni da ya matse mabukaci don ya san ba shi da wani mai saye a yinin nan, bai tsira daga zargi ba ko da cinikin ya inganta a zahiri.

Musulmi kuma yana da nasa abin dubawa a gaban rumfar masassaƙa, domin mazhabarmu ta hana surar mai rai in cikakkiya ce tana da inuwa, saboda haka raƙumin dawan itace da mutum-mutumin mayaƙi, duk kyansu, yakan wuce su ya ɗauki akushi da cokali da mataji da kwandon kiondo da matan Kikuyu da Kamba ke saƙawa. Haure kuwa, ko ɗan kunne ne, kada ma ya kai hannu gare shi: an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989, shekarar da Shugaba Moi na Kenya ya cinna wa tan 12 wuta a gandun Nairobi, Shugaba Uhuru Kenyatta kuma ya ƙona tan 105 a 2016. Abin da ya tayar da safari na farko daga Bagamoyo shi ne a yau ke kai mai ɗauke da shi kurkuku.

Duk wannan yana kan me za a saya. Mas'alar da ta fi nauyi ita ce wa za a saya wa. Turawa suna kiran waɗannan kaya da kalmar Faransanci souvenir, ma'anarta tunawa, watau abin da mutum zai ajiye a ɗakinsa don ya tuna masa cewa ya je. Mai saye shi ne mai karɓa, cinikin daga gare shi ya fara, a gare shi ya ƙare. Na nema a Hausa ban sami takwarar wannan ba. Abin da muke da shi guzuri ne, wanda mutanen gida ke haɗa wa mai tafiya; da saƙo, wanda ake ba shi ya kai wa wani; da sautu, kuɗin da maƙwabci ke damƙa masa ya sayo masa abu; da tsaraba, wadda yake komowa da ita don waɗanda ya bari; da tukuici, wanda ake ba yaron da aka aika ya kai tsarabar gidan gwaggo. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan ba ta tsayuwa sai da mutum biyu. Ba a yi wa kai tsaraba. Alhaji yana komowa da dabino da zamzam da carbi da darduma, ko da a Sin aka ƙera carbin, ba wanda ya taɓa mayar masa da shi don wannan, domin abin da aka karɓa shi ne shaidar cewa a tsakiyar cunkoson Makka ya tuna da wane da wance. Yaron da ya sheƙo yana oyoyo yana tambayar ina tsarabarsa, haƙƙi yake nema, kuma uban da ya komo hannu rabbana ya san da abin kunya a kansa ko da rake ne bai tsaya ya saya a tasha ba.

Suwahili ma ta san wannan. Kalmarsu ta kyauta ita ce zawadi, masana harshe kuma suna mai da ita ga asalin Larabci na zadu, guzurin matafiyi, har abin da ake ba mai tafiya da abin da yake kawowa suka taru a lafazi ɗaya. A Namanga wata dattijuwa mai askakken kai da manyan hujin kunne ta kama hannuna ta ɗaura mini warwaron tsakiya tana cewa zawadi, zawadi, sa'an nan ta tsaya tana jira. Waɗansu baƙi suna ɗaukar wannan dabarar talla ce kawai, su fizge hannu. Lalle akwai talla a ciki, amma wanda ya tashi a inda ake ba da tukuici ya san kyauta tana kiran 'yar uwarta, kuma mai ba ka abu ta jira ka mayar tana gayyatarka ne zuwa wata mu'amala da ta girmi farashi. Na ba ta abin da ya sawwaƙa, na ce mata asante mama, ta sa mini albarka da harshen da ban ji ba.

Hatsarin mai tafiya shi kaɗai shi ne tafiyarsa duka ta koma ta kansa: shi ya gani, shi ya ɗauki hoto, shi ya saya, shi zai ajiye. Tsaraba ce ke fid da shi daga wannan, domin ba ya iya zaɓenta sai ya kawo mutanensa ɗaya bayan ɗaya cikin zuciyarsa a tsakiyar kasuwar da ba wanda ya san su, ya tuna wadda ke son ja da wadda ba ta ɗaura shi, ya tuna tsohon da ƙafarsa ke ciwo da sanyi har shuka mai kauri za ta yi masa amfani, ya auna nauyin jaka da yawan dangi, ya rage nasa don na wani ya shiga. Nan ne kaya ke komowa kan safari, ya sake zama ɗan uwan safara.

Ba abin da ya koya mini wannan kamar kanga, zanen matan gaɓar teku, wanda ya samo asali a wajejen Zanzibar da Mombasa a ƙarni na 19, aka kuma ce sunansa na zabo ne saboda ɗigo-ɗigon da ke jikin na farko. Babbar kasuwarsa ita ce Kariakoo a Darussalam, unguwar da ta ci sunan rundunar 'yan dakon yaƙin nan da Mutisya Munge ya yi wa aiki, amma ana samunsa a kowane gari. Kowane kanga yana da rubutu a gefensa na ƙasa, jimla guda, wadda suke kira jina, watau suna: wata addu'a ce, wata godiya ga uwa, wata ta amarya, wata kuwa habaici ne tsantsa da mace ke ɗaurawa don kishiya ko maƙwabciya ta karanta ba tare da an buɗe baki ba. Saboda haka ba a sayensa don launi kaɗai. Da na nuna wanda ya burge ni, mai rumfar ba ta faɗi kuɗi ba tukuna, sai ta tambaye ni na wa ne, da na ce na mahaifiya ne ta janye shi ta ce wannan bai dace da uwa ba, ta tona ƙasan tari ta zaro wani mai addu'a, ta karanta mini shi sannu-sannu har na riƙe, sa'an nan muka koma kan na 'yan uwa mata, kowace sai na faɗi shekarunta da ko tana da aure kafin ta zaɓa. Bibbiyu ake sayar da shi a haɗe, ɗaya na ɗaurawa ɗaya na yafawa, sai an kai gida tela ya raba ya kalmashe bakin. Rubutun kuwa yana nan da Suwahili, a gidan da ba mai jin Suwahili, saboda haka duk ranar suna ko biki da aka ɗaura shi sai wata ta tambayi abin da aka rubuta, a aiko yaro ya kira wanda ya kawo, ya zo ya fassara, daga fassara a tambaye shi hanya, ya ba da labarin Namanga da ramin Ngorongoro da mutanen da aka tasa daga Serengeti.